Ko masana na karɓar ƙidayar tsuntsayen da mutanen gari suka yi?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Gashuwa. Na ji a rediyo ana cewa ko wanda bai karanci kimiyya ba yana iya taimaka wa masu binciken muhalli. Ta wace hanya? Kuma anya masana za su yarda da abin da irinmu muka rubuta?

Amsa: Malam, suna yarda, amma da sharaɗi. Bari in yi maka bayani da tsuntsaye, don a nan aikin ya fi kafuwa.

Abin ya daɗe. Tun 1900 mutane 27 suka fara ƙidayar tsuntsaye lokacin Kirsimeti a Amurka da Kanada, kuma har yau ana yi duk shekara. A Najeriya, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da dajin Amurum a Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasa a 2015, kuma 'yan sa kai ne ƙashin bayansa. Dalili a fili yake: masanan tsuntsaye ba su da yawa, ƙasar kuwa ga faɗi. Babu jami'ar da ke da kuɗin ajiye mutum a kowace fadama.

Ga yadda ake yi. An yanka taswirar ƙasar gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Sai ka zaɓi gida ɗaya, ka yi aƙalla awa 2 kana zagayawa a cikinsa, ka leƙa gona da bakin ruwa da cikin gari, kana shigar da duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa a manhajar BirdLasser. Wayarka ce za ta riƙe wurin da lokacin.

Sharaɗin da na ce yana cikin kalmar "duk". Sabon shiga yakan tsallake kurciya da hankaka da balbela, wai su ai kowa ya san su, ya tafi neman baƙon tsuntsu. A wurin masu bincike kuwa cikakken jeri ya fi tsuntsu ɗaya mai ban mamaki daraja nesa ba kusa ba. Idan ka yi awa 2 ka rubuta komai, to abin da babu a jerinka ma labari ne. Dubi ungulu. Dattawa sun san lokacin da take cika kan rufin mahauta da bishiyoyin kasuwa, amma da yake ta yi yawa, ba a damu da ƙirga ta ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu da maganin gargajiya. Da a ce wani ya riƙa rubuta ta a mahautar garinku duk wata, da yau mun san shekarar da ta fara ja da baya a nan.

Batun kuskure kuwa, ana yin sa, har masana ma. Shi ya sa idan ka shigar da tsuntsun da ba a saba gani a yankinku ba, za a tambaye ka hoto ko bayanin kamanninsa kafin a karɓa. Kada ka ji haushi. Wanda ba ka tabbatar ba, ka bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne giɓi: 'yan sa kai sun fi zuwa inda hanya ke da kyau kuma akwai tsaro, sai wasu gidajen su cika da bayanai, wasu kuma fayau. Nan kai ka fi ɗan birni amfani. Dausayin Haɗejiya da Nguru da mafakar tsuntsaye ta Dagona suna kusa da kai, kuma nan ne tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu.

Idan madubin hangen nesa ya yi tsada, fara da littafi da biro. Sa ɗalibanka su rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka a gari, da ranar ruwan farko, da yawan sheƙunan da ke kan kowace bishiya. Ku maimaita baɗi a bishiyoyin nan dai, kuma littafin ya zauna a ofishin hedimasta don kada ya bi ka in an yi maka canjin wurin aiki.