Tambaya da Amsa: Shin Privoxy zai tsare min kwamfutocin shagona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon buga takardu da yin rajistar jarrabawa a Unguwar Rogo, a nan Jos, kuma yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Kwamfutoci shida gare ni, duka a kan layin intanet guda. Abin da ke damuna shi ne tallace-tallacen da ke faɗowa a shafuka, wasu ma ba su dace a gani a gaban jama'a ba, ga shi kuma data tana ƙarewa tun wata bai raba ba. Ɗan yayana ya ce in sa wata manhaja mai suna Privoxy, wai za ta toshe talla, kuma babu wanda zai ƙara sanin inda muke shiga. Wani abokina kuma ya ce kada in wahalar da kaina, akwai furoksi na kyauta birjik a intanet. Wace shawara zan bi? Daga wani mai karatu, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan yayanka ya fi abokinka kusa da gaskiya, sai dai ya yi maka alkawarin abin da manhajar ba ta taɓa cewa za ta yi ba.

Furoksi manhaja ce da ke zama tsakanin burauza da intanet, ta yadda duk buƙatar da kwamfuta ta aika sai ta bi ta wurinta kafin ta fita, amsar ma sai ta biyo ta nan kafin ta dawo. Privoxy, wanda ya fito a 2001 daga wata tsohuwar manhaja mai suna Internet Junkbuster, aikinsa shi ne tace wannan zirga-zirga: yana iya hana burauza ɗauko hoton talla, ya hana shafuka ajiye kukis ɗin da ake bin diddigin mutum da su, ya kuma goge bayanin da ke sanar da sabon shafi daga wane shafi aka fito. Kyauta ne, a ƙarƙashin lasisin GPL da ya ba kowa damar amfani da shi, kuma yana aiki a kan Windows da Linux da macOS. Amfaninsa ga shago irin naka shi ne a wuri ɗaya za ka sa shi, ka rubuta dokokinka sau ɗaya, sauran kwamfutocin su bi.

Maganar cewa babu wanda zai san inda kuke shiga kuwa ba ta da tushe. Privoxy yana zaune ne a cikin shagonka, don haka duk abin da ya fita daga wurinsa da adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, yake fita, kamfanin da ke ba ka intanet yana ganin sunayen shafukan da ake buɗewa, shafukan su ma suna ganin daga wane layi aka zo. Masu son ɓoye adireshi suna haɗa shi ne da Tor, wata manhaja da ke bi da zirga-zirga ta kwamfutoci da dama don ɓoye inda ta fito, su umarce shi ya miƙa komai ga Tor ɗin. Ban ba ka shawarar yin haka a shagon rajista ba, domin Tor yana rage gudun intanet, kuma shafuka da dama, musamman na kuɗi, suna ɗari-ɗari da duk wanda ya zo ta hanyarsa. Wanda yake da buƙatar ɓuya ta gaske, Tor Browser aka yi dominsa.

Akwai kuma wata iyaka da ya kamata ka sani kafin ka ɓata lokacinka, ita ce ta HTTPS, wato tsarin da ke kulle saƙon da ke tsakanin burauza da shafi yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ba. A zamanin da aka ƙirƙiro Privoxy, yawancin shafuka a buɗe suke tafiya, furoksi yana karanta kowane layi, ya yanke abin da ba a so. Yanzu al'amarin ya juya, musamman tun da wata hukuma mai suna Let's Encrypt ta fara raba wa shafuka takardun shaidar tsaro kyauta a ƙarshen 2015, sannan Chrome ya fara yi wa duk shafukan HTTP, wato waɗanda ba a kulle ba, tambarin rashin tsaro a 2018. Idan shafi na HTTPS ne, furoksi kamar ma'aikacin gidan waya yake, yana ganin adireshin da ke bayan ambulan, yana da ikon ƙin aika wasiƙar, amma ba ya ganin abin da aka rubuta a ciki. Saboda haka tallan da ke zuwa daga sabar kamfanin talla, wato kwamfutar da kamfanin ke aiko da tallansa daga cikinta, zai toshe shi, amma tallan da ke zuwa daga gida ɗaya da shafin, irin na YouTube, zai wuce ta gabansa. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin kada ka dogara da shi kaɗai, ka ƙara manhajar toshe talla ta uBlock Origin a kan Firefox na kowace kwamfuta, tunda shi daga cikin burauza yake aiki, bayan an riga an buɗe saƙon.

Gaskiya ne cewa sababbin fitowar Privoxy, tun daga 3.0.29, suna iya leƙa cikin HTTPS idan aka sa wa kowace kwamfuta takardar shaida ta musamman. Wannan hanya ce da zan ce maka ka ƙaurace mata. Ɗalibin da ya zauna a shagonka yana shigar da lambar NIN, da kalmar sirri, wani lokaci har da lambar katin banki, kuma da zarar ka kunna wannan leƙe, duk waɗannan za su bi ta na'urarka a buɗe. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa bayanan jama'a, kuma ko babu doka, amana ce da bai kamata ka ɗauka ba tare da larura ba. Saboda wannan dalilin, kada ka kunna saitin Privoxy da ke ajiye jerin shafukan da aka ziyarta.

A nan ne kuma shawarar abokinka ta faɗi. Furoksi na kyauta da ke intanet na wani ne wanda ba ka sani ba, a ƙasar da ba ka sani ba, kuma sabar tana cin kuɗin wuta da na layi kowane wata, to da me yake biya? Mai irin wannan furoksi yana ganin duk inda abokan cinikinka ke shiga, kuma a shafin da ba na HTTPS ba yana iya cusa tallansa ko ya karanta abin da aka rubuta.

Game da data, kada ka sa rai da yawa. Privoxy ba ya ajiye kwafin shafuka don sake amfani da su, wannan aikin wani furoksi ne mai suna Squid, don haka abin da zai rage maka shi ne nauyin tallan da ya hana saukowa kawai. Ka duba sabunta Windows da bidiyon da ake kallo, galibi can datar take tafiya.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, ka fara da kwamfuta ɗaya. Da an sa shi, yana saurare a 127.0.0.1, ƙofa (port) ta 8118, wato kwamfutar da yake ciki kaɗai yake yi wa aiki. Ka rubuta waɗannan lambobi a saitin furoksi na burauza, sannan ka buɗe config.privoxy.org, idan shafin Privoxy ya bayyana, to zirga-zirgar tana bi ta wurinsa. Don sauran kwamfutocin su same shi, sai a canza layin listen-address zuwa adireshin wannan kwamfuta a cikin shago, misali 192.168.1.10:8118, a kuma tabbatar ba a buɗe ƙofar ga duniya ba, domin baƙi za su riƙa bi ta layinka suna aikata abin da za a zo a tambaye ka. Dokokinka ka rubuta su a user.action, kada ka taɓa default.action, saboda ana maye gurbinsa idan aka sabunta manhajar. Idan shafin rajista ya ƙi buɗewa yadda ya kamata, a nan ne za ka sa sunansa cikin waɗanda ba a tacewa.

Ka zaɓi kwamfutar da ke kan batir ko sola, domin idan aka ɗauke wuta ta mutu, sauran biyar ma sun rasa intanet. Wayoyin da ke hawa Wi-Fi ɗinka kuma ba sa shiga wannan tsari sai an saita kowace da hannu, kuma ko an saita, manhajoji da yawa a waya ba sa bin furoksi.