Tambaya da Amsa: Ana cin zalin ɗan ƙanena a makarantar coci, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni goggo ce ga wani yaro ɗan shekara 15 da ke karatu a wata makarantar kwana ta Katolika, kuma bana zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Tun bara 'yan ɗakinsu suka laƙaba masa sunan ɗan daudu saboda muryarsa da tafiyarsa, suna jefa katifarsa waje da dare, suna hana shi wanka sai kowa ya gama. Da ya zo hutu na lallashe shi, ya fashe da kuka ya ce shi kansa yana jin zuciyarsa ba ta karkata ga mata, amma bai taɓa aikata komai da kowa ba. Mu Musulmi ne, mahaifinsa kuma bai sani ba. Ina tsoron in na kai ƙara fada, wato limamin cocin, ya kore shi, ko maganar ta kai ga 'yan sanda. In cire shi ne, ko in yi shiru?

Wata goggo, Garwa, Kamaru

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki yi shiru, kada kuma ki yi gaggawar cire shi. Magana biyu ce a hannunki, kuma dole ki raba su: akwai zaluncin da ake yi masa, wanda ya wajaba makaranta ta sani ta kuma tsayar, akwai kuma sirrin da ya ba ki amana, wanda makaranta ba ta da haƙƙin sani.

Ki fara da dokar ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta Kamaru mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, a sashenta na 35, ta lamunce wa kowane ɗalibi kariyar jikinsa da mutuncinsa, ta haramta duka da duk wani nau'in cin zarafi da nuna bambanci kowane iri a makarantu. Makarantun coci ba su fita daga wannan hukunci ba. Yaron da aka jefar wa katifa waje cikin dare an keta masa wannan haƙƙi, ko da me ake zarginsa.

Cocin Katolika kanta tana da maganar da za ki iya tunatar da fada. Gaskiya ne littafin koyarwarta na Katekizim, wanda aka fitar a 1992, ya hana saduwa tsakanin jinsi ɗaya a sakin layi na 2357. Amma na 2358 da ke biye ya ce masu irin wannan sha'awa dole a karɓe su da girmamawa da tausayi da lura, a kuma guji duk wata alamar wariya ta zalunci a kansu. Marigayi Fafaroma Francis ya faɗa a wata hira a Janairun 2023 cewa kasancewar mutum mai sha'awar jinsinsa ba laifi ba ne da ya kamata doka ta hukunta. Bishof-bishof na Kamaru sun ƙi amincewa da sa wa irin waɗannan ma'aurata albarka bayan takardar da fadar Vatican ta fitar a Disambar 2023, sai dai wancan batu ne na manya da zaman tare, bai shafe ko harafi ɗaya daga 2358 ba, bai kuma ba kowa izinin wulaƙanta yaro ba. A wasu wurare an wuce nan: lardin Ontario na Kanada ya yi doka a 2012 da ta tilasta wa makarantun gwamnati, har da na Katolika, barin ɗalibai su kafa ƙungiyoyin tallafa wa irin waɗannan yara. Ba na sa ran ganin haka a Garwa ko Marwa nan kusa, shi ya sa nauyin ya koma kan babba ɗaya mai amana, kuma a yanzu ke ce.

Tsoronki na 'yan sanda yana da tushe. Sashe na 347-1 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000 ga wanda ya sadu da jinsinsa. Abin da sashen ya ambata aiki ne, bai ambaci murya ko tafiya ko abin da ke cikin zuciya ba, kuma yaronki bai aikata komai ba. Duk da haka an sha kama mutane a ƙasar nan bisa zargi da kamannu kawai. Don haka kada ki faɗa wa fada, ko malami, ko wata ƙawarki abin da ya gaya miki, kada ku rubuta shi a saƙon waya. Ko mahaifinsa, a ganina, bai kamata ya ji ba sai da yardar yaron, sai kuma kin tabbata jin ba zai jawo duka ko kora daga gida ba.

Idan kika je, ki nemi ganin shugaban makarantar shi kansa, ki tafi da takarda rubutacciya da Faransanci mai ɗauke da abin da aka yi, da ranaku, da sunayen waɗanda suka yi, ki riƙe kwafi. Ki nemi a canza masa ɗaki a makon nan, a kai masu laifin gaban kwamitin ladabtarwa, a kuma ba ki sunan malami ɗaya da yaron zai riƙa zuwa wurinsa. In aka fara tambayarki ko abin da yara ke faɗa gaskiya ne, ki amsa cewa kin zo ne kan katifa da wanka da zagi, kuma a kansu kike jiran amsa. Mahaifinsa zai iya raka ki, domin duk uba yana da haƙƙin sanin ana cin zalin ɗansa. In wani a dangi ya ce ai yara suna gyara shi ne, ki tuna masa ayoyi na 11 da 12 na Suratul Hujurat, waɗanda suka hana izgili da jifa da munanan laƙabi da mugun zato da bin diddigin asirin mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da zuciyarsa ke ciki, domin yaron da ake tsangwama kullum, yana kuma ɗauke da sirrin da yake ganin zai raba shi da danginsa, yana iya kaiwa ga tunanin kashe kansa. Ki lura ko ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara a ce ba shi a duniya. Ki tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, in kuma ya amsa da e, ki kai shi wurin likita a ranar. Kada ki bari a kai shi inda za a ɗaure shi ko a doke shi da sunan magani. Ki gaya masa da bakinki cewa har yanzu ɗanki ne, domin mai yiwuwa tun ranar da ya yi miki kuka yake jiran wannan kalma.

In mako biyu ko uku suka wuce makaranta ba ta motsa ba, ki fitar da shi daga ɗakin kwana ya riƙa zuwa daga gida ko daga gidan wani ɗan'uwa har ya gama BEPC, ki kuma kai kwafin takardarki ofishin sakataren ilimi na dayosis, wato yankin bishof, da makarantar ke ƙarƙashinsa, tare da ofishin wakilin ma'aikatar ilimin sakandare na yankinku.