Amsa ga ƙanena kan inbata da dokokin kamfanin tirela a Amurka

Assalamu alaikum ƙanena. Ya jikin Inna, ya mutanen gida? Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce shekara shida ke nan kana jan DAF, kana lodin riɗi daga Maigatari zuwa Legas, kuma ka ga bidiyon wani direba a nan yana dafa shinkafa a cikin kan mota, shi ne kake tambaya ko in Allah ya kawo ka za ka iya haɗa inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta soket, da kanka, yadda ka haɗa wa Inna tata da sola, ko ma ka taho da taka daga gida.

Kada ka taho da komai na wuta. Lantarkin gida bolt 230 ne, na nan 120. DAF ɗinka tana aiki da bolt 24, motocin nan kuwa 12 ne, da batir uku ko huɗu.

Ban raina tambayarka ba, domin ga Musulmi inbata ba kayan ƙawa ba ce. Za ka yi mako biyu ko uku ba ka ga gida ba, kuma abincin tashoshin manyan motoci da wuya ka samu na halal. Ƙaramin firij da tukunyar lantarki su ne suka riƙe ni, musamman da azumi, lokacin da sahur ke riska ta a gefen titi babu gari kusa.

Amma motar ba taka ba ce, kuma a nan wannan magana da nauyinta. Ƙaramar inbata da ake soka wa a ramin cajin waya yawancin kamfanoni ba sa hanawa, sai dai ƙarfinta bai wuce wat 150 zuwa 180 ba. Za ta caja maka waya da kwamfuta, ba za ta tafasa ruwan shayi ba. Babbar, mai wat 1,500 ko makamancin haka, kai tsaye ake haɗa ta da batir, kuma a nan dokar take. Wani kamfanin motarsa da ita take zuwa. Wani zai ce ka saya da kuɗinka, amma makanikensu ne kaɗai zai ɗaura a garejinsu, har ya ƙayyade maka ƙarfin da ba za ka wuce ba. Wani ya hana gaba ɗaya.

Kai da ka san wuta, yi lissafin da kanka: raba 1,500 da 12, za ka samu amfiya 125 ne ke bi ta wayar. Siririyar waya ko rashin fis kusa da batir, gobara ce a ƙarƙashin katifar da kake kwance. Wani da muka yi horo tare ya haɗa tasa a ɓoye, wayar ta narke, hayaƙi ne ya tashe shi. Allah ya kiyaye ransa, amma aikin ya tafi, kuma duk kamfanin da ya nufa sai an tambayi tsohon wurin aikinsa dalilin sallamarsa.

Ni ma na sha tawa. Hunturuna na farko a jihar Wayomin na bar firij da tukunya suna jan wuta dare guda, inji a kashe. Da asuba mota ta ƙi tashi, na makara da lodi, aka rubuta a fayil ɗina. Kada ka ce za ka bar inji yana aiki har safe: yana shan kusan galan guda na dizal a awa, kamfani na gani a kwamfuta, kuma a Kalifoniya doka ta taƙaita hakan ga minti 5. Don haka kafin ka sa hannu a takardar aiki, tambaye su ko motarsu na da ɗan janaretan gefe da ake kira APU, ko akwai inbata, wat nawa, wa ke ɗaurawa. A ba ka amsa a rubuce. Makonnin farko ma a motar mai koya maka za ka kwana, a gadon sama, soket ɗin nasa ne, sai ka nemi izini.

Yanzu abin da ya fi damuna. Lasin ɗinka na gida ba ya aiki a nan. Sai ka yi makaranta ka ci jarrabawar CDL, wato lasin tuƙa manyan motoci na nan, likita ya duba ka, ka iya Turancin da za ka amsa wa jami'in hanya. Tuƙi awa 11 ne, sai hutun awa 10 tilas, na'ura ce ke ƙirgawa, babu zancen "bari in ƙarasa Tafa". Kuma duk wannan sai da takardar izinin aiki. Bizar ziyara ba ta ba ka damar jan mota don kuɗi, Najeriya kuma an daɗe da cire ta daga cacar biza. Duk dillalin da ya ce ka sayar da gonar Baba ya samo maka aikin tirela, turo mini takardun da ya nuna maka in duba tukuna, kada ka ba shi ko sisi.

Ka gaida Inna, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.