Sa manhajar leƙen rubutu a kwamfutar shago

Malam, ka ce kana da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, kana son sa manhajar da ke naɗar duk abin da aka danna a kibod, don ka san me yaron shagonka yake yi idan ka tafi gona.

Wallahi ba na ba ka shawarar haka. Wannan manhaja ba ta zaɓe. Duk harafin da aka taɓa sai ta adana shi a fayil, wasu ma su tura shi waje ta intanet. Ka tuna su wa ke zama gaban kwamfutar nan: ɗalibi mai cike fom ɗin JAMB, dattijo mai ba da lambar NIN ko BVN, mai buɗe imel da kalmar sirrinsa. Amana suka ba ka. Ranar da fayil ɗin ya faɗa hannun ɓata-gari, kai za a nema, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kama bayanan mutane ba da izini ba. Sannan irin na kyautar nan, Windows Defender, wato manhajar tsaro da ke zuwa tare da Windows, yakan kama su, sai a ce ka kashe shi kafin ka girka. Ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan.

Abin da ya fi, ka buɗe wa yaron asusunsa daban a Windows, marar ikon girka komai, naka kuma ka kulle da kalmar sirri. Ka juya fuskar kwamfutar ta kalli ƙofa, ka riƙa lissafin takardar da aka buga kullum da yamma. In zargin kuɗi ne, ka zaunar da shi gaban mahaifinsa ku yi magana.