Hukuncin rubuta ta'aziyyar mawaƙi a Facebook

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Abokina ne ya rasu shekaranjiya, mawaƙi ne yana waƙoƙin biki da na fim, unguwa ɗaya muka taso. Danginsa sun ce tunda ni na iya rubutu in rubuta tarihinsa a saka a Facebook, sai wani ya ce min haramun ne wai na'ayi ne kuma yabon mai saɓo ne. Ya zan yi Malam?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Ka rubuta ɗan'uwa, babu laifi, amma akwai inda za ka taka da inda ba za ka taka ba.

Shi na'ayi, wato shelar mutuwa, wanda aka hana a hadisin Huzaifa wanda Tirmizi ya ruwaito irin na jahiliyya ne, a hau dabba ana zaga ƙabilu ana shela ana alfahari da mamaci. Sanarwa kuwa ai Annabi (SAW) da kansa ya sanar da rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, ranar da ya rasu, ya fita da sahabbai filin salla ya yi masa kabbara huɗu, haka ya sanar da shahadar Zaidu da Ja'afar da Ibn Rawaha a yaƙin Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, idanunsa na zubar da hawaye. Ibnul Arabi, malaminmu na Malikiyya, ya kasa abin uku: sanar da dangi da abokai da mutanen kirki sunna ne, tara jama'a don alfahari makaruhi ne, wanda aka haɗa da kururuwa haramun ne. Marsiyya ma, wato waƙar ta'aziyyar mamaci, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837.

To abin da ya fi damuna shi ne abin da za ka zuba a ciki. Ka faɗi alherin da ka gani da idonka, in shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, in ba ya wuce mahaifiyarsa da safe bai durƙusa ya gaishe ta ba, rubuta wannan. Amma kar ka ce "ɗan aljanna ne", don Ummul Ala ta faɗi makamancin haka a kan Usman bin Maz'un, sahabi fa, Annabi ya ce mata me ya sanar da ke Allah ya karrama shi? Addu'a ce taka, hukunci na Allah ne.

Sana'arsa kuma ka ambata kawai cewa mawaƙi ne, gaskiya ce ba sai an ɓoye ba. Kiɗa dai jumhurun malamai a kan hani suke duk da Ibn Hazm ya saɓa musu, saboda haka kar ka liƙa bidiyon waƙarsa a ƙasan rubutun, ballantana wannan abin da yara suka ɗauka yanzu a TikTok na ɗora hoton gawa ana sa kiɗa mai taushi a baya, mutum yana kabari kuna ƙara yaɗa abin da watakila shi yanzu ya fi son a goge. Waƙar da ya yi ta fadakarwa babu batsa za ka iya ambatonta.

Masu shigowa ƙasan rubutun suna cewa ai ɗan nanaye ne ya je ya tarar, ka goge maganarsu kar ka tsaya musu, hadisin Nana A'isha a Buhari ya hana zagin matattu don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Sannan dan Allah ka sa layi ɗaya a ƙarshe cewa duk mai binsa bashi, ko wanda ya ba shi kuɗin waƙar biki bai samu ya yi ba, ya zo ya samu magada kafin a raba gado. Wallahu a'alam.