Amsoshin tambayoyinku: ruwan sha a tsohuwar mota mai ɗaki

Motocin nan masu gado da madafa a ciki, waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, sun fara shigo mana Maraɗi jefi-jefi, yawancinsu sun haura shekara talatin. Injinsu ba ya gagarar makanikanmu. Hanyar ruwansu ce ake ta rubuto min a kanta.

Wani Alhaji daga Sabon Gari ya ce: "Na sayi Peugeot J5 mai ɗaki, ƙirar 1989. Duk sanda na sa tiyo zan cika tanki, sai ruwan ya dawo min a fuska tun bai kai rabi ba. Wani ya ce in sake tanki gaba ɗaya."

Alhaji, wanda ya ce ka sake tanki aljihunka yake hange. Tankinka lafiyarsa lau. Bayan murfin da kake buɗewa a jikin mota akwai tiyo biyu: babba, mai faɗin milimita 40 a yawancin motocin Turai, wanda ruwa ke bi, da wani siriri na milimita 10 ko kusa da haka, wanda iska ke fita ta cikinsa. In ƙaramin ya toshe, iskar cikin tanki ba ta da mafita sai ta hanyar da ruwa ke shigowa, shi ya sa take watso maka shi. A garinmu kuwa mai wannan aikin sananne ne, zanzaro. Mota ta yi wata biyu a ajiye, ya samu rami, ya gina ɗakinsa na laka. Cire ƙaramin tiyon, ka zura waya, ka hura. Ka duba babban ma, ko ya lanƙwashe ko ya yi ciki a tsakiya, don dole ya gangara daga murfi har tanki ba tare da kwari ba. In ka gama, ɗaura ɗan ƙyallen gidan sauro a bakin hanyar iskar.

Wasiƙar da ta fi tsaya min a rai ta wata Hajiya ce daga Ali Ɗan Sofo: "Maigidana yana kai mu wajen garkensa a yankin Dakwaro da irin motar nan, mu yi kwana huɗu ko biyar. Ruwan pampon ciki yana warin roba, kuma sau biyu ke nan ƙaramar 'yata tana dawowa da zawo. Shi ya ce sauyin ruwa ne kawai. Hankalina bai kwanta ba."

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, kuma kin yi daidai da ba ki yi shiru ba. Kafin komai, yara su daina shan ruwan nan. Ki riƙe musu nasu daban a jarka mai tsabta, in zawon ya dawo kuma a kai ta likita, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Gyaran ba mai tsada ba ne, amma ki bar ni in yi wa maigida faɗa tukuna, shi da duk masu irin halinsa.

Mutum zai zuba miliyoyi a mota, ya sa mata sababbin tayoyi, ya sa rediyo mai tashin unguwa, amma in aka zo kan tiyon da ruwan shan 'ya'yansa zai bi, sai ya shiga babbar kasuwa ya ce a yanko masa mafi araha. Me ake yanko masa? Tiyon ban-ruwan lambu, ko farin nan garai-garai da magina ke awon gini da shi. Ba a yi su don ruwan sha ba. Robarsu akwai sinadarin da ke sa ta laushi, kuma in mota ta wuni a ranar Afrilu, ranar da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, sinadarin nan ruwa yake shiga. Warin da kike ji ke nan. Farin tiyon kuma haske na ratsa shi, shi ya sa gansakuka ke tsira a ciki. Na taɓa buɗe wata mota na tarar an haɗa hanyar ruwa da guntun tiyon da aka ciro daga layin gazuwal, wai an wanke shi da omo. Da na nuna wa mai motar, cewa ya yi ai shekara biyu suna sha ba wanda ya mutu. Innalillahi!

Tiyon ruwan sha yakan zo da rubutu a jikinsa daga farko har ƙarshe, da alamar kofi da cokali mai yatsu. In mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne, Alhaji", ka ce ya nuna maka rubutun. Rubutun ma yanzu ana buga na jabu, don haka ka yanki ɗan guntu ka jiƙa a kofin ruwa, ka ajiye a rana wuni guda, ka sansana. Zoben ƙarfen da ake matse tiyo da shi ma haka: za a ce maka ba ya tsatsa, damina ɗaya sai ka ga kusarsa ta yi ja ta cinye. Ka tafi da maganaɗisu, wanda ya manne masa da ƙarfi ka yi shakkarsa. Robar tayar keke da ake naɗawa a maimakonsa kuwa, a bar wa masu kurar ruwa.

Sannan abin da ake ɗebo ruwan da shi. Jarkar man gyaɗa in an wanke ta sosai babu laifi. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin feshin gona kuwa ba ta wankuwa har abada, don roba tana shanye dafin, kuma ga su nan ana sayarwa a kasuwannin ƙauye, fes da su. Kada ki yarda da jarkar da ba ki san asalinta ba.

Bayan an sake tiyo, a wanke tankin da jabel, wato ruwan bilicin nan na wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Ki duba kwalbar: in mai kashi 2.6 cikin 100 ce, a zuba mililita 200 a tankin lita 100. A fara dama shi a bokitin ruwa, a zuba, a cika tanki, a buɗe kowane pampo har warin jabel ya fito, a rufe, a bar shi awa huɗu. Daga nan a zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku. Wannan ruwan wanki ne, ba na sha ba, kuma kada a haɗa jabel da wani abin wanki. A riƙa yin haka duk sanda mota ta daɗe a ajiye. Wani abu kuma: 'yar matatar gawayi da ake sayarwa tana gyara wari da ɗanɗano, amma ba ta cire fulorayid, sinadarin da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri shekarun baya. Don haka ku cika tanki da ruwan pampon gari kafin ku tashi, kada ku dogara da kowace rijiyar burtsatse da kuka tarar a hanya.

Wani direba daga Tasawa ya ce tankinsa ya tsage, ya liƙe da gam mai haɗi biyu har sau uku yana ɓallewa. Ƙanena, ko sau goma ka liƙa zai ɓalle. Robar tankunan nan, irin ta jarka, gam ba ya kama ta. Ka cire shi ka kai wa masu liƙin robobi su narka masa yanki na roba irin tasa, bayan sun huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagin don kada ya ci gaba. Kuma kada ka kunna injin jan ruwan tanki ba ruwa, ƙananan nan na bolt 12 da ake nutsawa a ciki nan da nan suke ƙonewa.

Na ƙarshe wani matashi ne da ke son ɗora duro mai lita 200 a rufin motarsa, wai don ruwa ya riƙa saukowa da kansa in ya je Agadas. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ɗana. Buhun gero biyu ke nan za ka ɗora a kan rufin da aka yi da siririn katako da falange, kuma kayan da ke tangal-tangal a kowace kwana. A'a. Sayi jarka huɗu ka ɗaure su a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya.