Filin Tambayoyinku: Me ke hana zaman ASUU da gwamnati ƙarewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ɗana yana aji uku a Jami'ar Legas da ke Akoka. Kullum sai mu ji an kafa kwamiti, an zauna, sannan a wayi gari malamai sun tafi yajin aiki. Me ake tattaunawa a zaman nan, kuma me ya sa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ba yaro sa'a. Tushen maganar shi ne yarjejeniyar da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a 2009. Ta ƙunshi albashi da alawus, da kuɗin gyaran jami'o'i, da 'yancin jami'a ta tafiyar da harkokinta. An ce za a riƙa sabunta ta duk bayan shekara uku, wato 2012 ke nan, amma sai a 2017 aka kafa kwamitin Wale Babalakin, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar Jami'ar Legas ɗin nan. Ya ajiye aikin a 2020 ba a kai gaci ba.

Wakilan gwamnati galibi shugabannin hukumomin gudanarwar jami'o'i ne. Su kuma wakilan ASUU ba sa yanke magana a teburi. Sai sun koma majalisar zartarwarsu ta ƙasa, rassa su kira taron mambobi a ji bakin kowa. Idan an daidaita sai a rubuta daftari a miƙa wa gwamnati.

To, a nan gizo ke saƙa. Kwamitin da ya zauna ba shi ke riƙe da baitulmali ba. Dole Ma'aikatar Kuɗi da Ofishin Kasafi da Hukumar Albashi ta Ƙasa su amince cewa za a iya biya. Kwamitin Farfesa Munzali Jibril ya kammala daftari a 2021, ba a sa hannu ba. Na Farfesa Nimi Briggs ya yi nasa a 2022, gwamnati ta ce ya fi ƙarfin aljihunta. Yajin aikin shekarar ya kai wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma umarnin Kotun Ma'aikata ne ya karya shi. A ganinmu, tura mutane su yi ciniki alhali ba a faɗa musu iyakar abin da za su iya tayawa ba, ɓata lokaci ne kawai.

Ko an sa hannu da sauran aiki: sai Hukumar Albashi ta fitar da takardar umarni, a sa kuɗin cikin kasafi, sannan a sake su. A 2013 an yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don gyaran azuzuwa da ɗakunan gwaji da ɗakunan kwanan ɗalibai. An saki biliyan 200 na farko, saura kuwa ba su zo yadda aka tsara ba. Haka ma alawus ɗin ƙarin aiki, irin na duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku ko koyar da aji mai cunkoso, yakan taru ya zama bashin shekaru. Saboda haka in ka ji an ce an cimma matsaya, ka tambaya: daftari ne, ko an sa hannu, ko kuɗi sun shiga asusu?

Tambaya: Ni uwa ce daga Agege, 'yata tana LASU, Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo. Yarjejeniyar Abuja ta shafi malamansu?

Amsa: Hajiya, ba kai tsaye ba. LASU ta jiha ce, daga Alausa, fadar gwamnatin Jihar Legas, albashinta ke fitowa. Abin da aka cimma a Abuja ma'auni ne. Reshen ASUU na jami'ar shi zai zauna da hukumar gudanarwa da gwamnatin jiha kan aiwatar da shi. Shi ya sa za ki ga jami'ar jiha tana yajin aikinta ita kaɗai ana karatu a Akoka. Kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, su ne kowa ke cin moriyarsu, na tarayya da na jiha, kuma asusun ya samo asali ne daga yarjejeniyar ASUU ta 1992.

Tambaya: Daga Idi-Araba nake rubutowa. Ana biyan malami albashin watannin da ya yi yajin aiki?

Amsa: Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ma'aikata ya ce ba aiki ba biya, kuma da shi gwamnati ta riƙe albashin 2022. Hujjar ASUU ita ce koyarwa kaɗai aka dakatar, bincike bai tsaya ba, sannan in an dawo sai an rama zangon da aka rasa, an shirya jarrabawa an duba takardu. A Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya amince a saki albashin wata huɗu daga cikin wanda aka riƙe.